Lalurar otizim: wanda ba ya damun kowa shi ake mantawa

In ka ce wa mutum ya kwatanta maka mai lalurar otizim, wadda aka fi sani da galahanga, kusan hoto ɗaya ne zai faɗo masa a rai: yaro namiji ɗan shekara 3 ko 4, ba ya magana, ba ya kallon mutane a ido, yana kaɗa hannuwa, yana jera motocin wasa a layi, in aka gusar da guda ɗaya ya ɓarke da kuka. Akwai wannan yaron, kuma shi da iyayensa suna buƙatar duk taimakon da za a iya ba su. Amma ya cika mana ido har ba ma ganin waɗanda ke tsaye a bayansa. Akwai yarinya 'yar shekara 9 da malamai ke yabo saboda shirunta, akwai budurwa 'yar 15 da ta daina zuwa makaranta ba a san dalili ba, akwai dattijo ɗan 60 da kowa ya sallama da cewa halinsa ne haka. A ganina abu ɗaya ne ya sa ake tsallake su duka: mun saba auna wannan lalura da yawan damun da mai ita yake yi wa na kusa da shi. Wahalar da shi kansa yake sha, muddin bai yi ƙara ba, ba a sa ta a lissafi.

Tun daga tushe da maza aka fara. A 1943 likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya wallafa bayanin yara 11 da ya duba, 8 maza, 3 mata. Bayan shekara guda Hans Asperger ya fitar da nasa a Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma yara 4 da ya kawo labarinsu dalla-dalla duk maza ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne, kafin su biyun akwai wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, wadda ta bayyana yara maza 6 masu irin waɗannan alamomi a tsakiyar shekarun 1920, sannan a 1927 ta sake rubuta wani bayanin a kan 'yan mata 5, ta gwada su da mazan. Tambayar da muke ta kai-komo a kanta yau, ita ta riga ta yi ta kusan shekara 100 da suka wuce. Sai a 1996 aka fassara bayaninta na maza zuwa Turanci, na matan kuwa sai da ya ƙara jiran fiye da shekara 20.

Daga nan kuskuren ya riƙa haifar kansa. Likitoci sun koyi alamomi a jikin maza, suka tsara tambayoyin tantancewa bisa abin da suka gani, tambayoyin suka fi kama maza, masu bincike suka ɗebi waɗanda aka kama suka yi nazari a kansu, nazarin ya dawo ya ce lalurar ta maza ce. Kamar tela ne ya auna mutum ɗaya ya ɗinka riga, sannan duk wanda ta ƙi shiga jikinsa aka ce ba ya buƙatar sutura.

An daɗe ana cewa maza 4 ne ga mace 1. Rahoton da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2025 ya ce 1 cikin yara 31 'yan shekara 8 a wuraren da take sa ido yana da lalurar, kuma maza sun ninka mata sau 3.4. A 2017 wasu masana a Landan, Rachel Loomes da Laura Hull da William Mandy, suka tattara bincike 54 suka duba yadda aka yi ƙidayar a kowane. Inda aka ƙirga yaran da asibiti ya riga ya gano kawai, tazarar ta haura 4 da 1. Inda masu bincike suka fita da kansu suka tantance kowa, wanda aka taɓa kai wa likita da wanda ba a taɓa kaiwa ba, sai ta sauko kusa da 3 da 1. Ratar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu 'yan mata ne masu rai, waɗanda suka cika sharuɗɗan da ake aiki da su a yau, amma ba wanda ya kama hannunsu ya kai su.

Ban ce babu bambancin halitta ba. Ko an fita an nemo, maza sun fi yawa. A 2013 Elise Robinson da abokan aikinta suka duba tagwaye a Birtaniya da Suwidin, suka ga 'yan uwan yarinya mai alamomi da yawa sun fi 'yan uwan yaro irinta nuna alamomin. A 2014 wani binciken ƙwayoyin gado ya samu cewa matan da aka gano da lalurar sun fi mazan ɗauke da manyan sauye-sauye masu illa. Aka fassara wannan da cewa mace tana da wata kariya, sai nauyin gadon ya yi yawa kafin lalurar ta fito. Yana iya zama haka. Sai dai in 'yan matan da ake ganowa su ne waɗanda abin ya fi tsananta a kansu, ai dole a same su da nauyin gado mai yawa, don haka hujjar ba ta rufe magana ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne laƙabin da Farfesa Simon Baron-Cohen na Jami'ar Kambirij ya yaɗa a 2002, cewa otizim ƙwaƙwalwar namiji ce da ta kai maƙura. Ko me binciken nasa ya ƙunsa, malamin firamare ko likitan da maganar nan ta shiga kunnensa zai yi wuya ya kalli yarinya ya kawo lalurar a ransa.

To ina ainihin bambancin alamomin yake? Ginshiƙan lalurar biyu ne ga kowa. Na farko wahalar mu'amala da karanta mutane. Na biyu maimaita abu ɗaya, da manne wa tsari, da yadda ƙara ko haske ko taɓawa ke shiga jikin mutum ba kamar sauran jama'a ba. A ɓangaren mu'amala, yawancin bincike bai samu tazara mai girma tsakanin mata da mazan da aka gano ba. A ɓangaren maimaitawa ne ake ganin maza sun yi gaba, kuma ko nan ina zargin idon mai kallo. Yaron da ya haddace lambobin motoci ko jadawalin jiragen ƙasa, kowa zai tsaya ya yi mamaki. Yarinyar da ta manne wa dawaki, ko wata mawaƙiya, ko jaruman wani labari, sai a ce ai duk 'yan mata haka suke. Ba a tsayawa a ga zurfin abin: ba ta da wata hira sai wannan, 'yan tsanarta jera su take yi bisa tsayi da launi ba tare da ta haɗa musu labari ba, kuma in aka canja musu wuri ranar ta lalace ke nan.

A 2017 Michelle Dean da Robin Harwood da Connie Kasari suka wallafa abin da aka gani a filayen wasan wasu makarantun firamare a Amurka. Yaro namiji mai lalurar ba ya ɓuya: sauran maza na can suna wasa a ƙungiya, shi yana gefe shi kaɗai. 'Yan matan kuwa suna kusa da 'yan uwansu mata, su shiga wannan rukuni su fita, su leƙa wancan. Malamin da ya hango daga bakin aji zai ce tana cikin ƙawaye. Sai an matso ake gane cewa tsayuwa kusa da mutane daban, zama ɗaya daga cikinsu daban. Wani binciken tagwaye a Birtaniya a 2012 ya fito da maganar fili: in yarinya da yaro suna da alamomi daidai wa daida, yaron ya fi samun a gano shi, ita kuwa sai in ta haɗa da jinkirin fahimta ko rigimar da ke hana mutane sakat. Wato sai ta zama matsalar wani kafin a duba tata matsalar.

Matan da aka gano bayan sun girma kusan labari ɗaya suke bayarwa, na ɓad da kama. Ta zaɓi yarinyar da kowa ke so a aji, ta kwaikwayi tafiyarta da muryarta da yadda take gaisuwa. Tana shirya hira tun daga gida, in aka ce kaza zan ce kaza. Tana kallon tsakanin girar mai magana don a ɗauka idonsa take kallo, tana ƙirgawa a zuci kafin ta kau da kai. Hannun da ke son kaɗawa ta danne shi ƙarƙashin cinya, ko ta koma murza gashinta, abin da ba wanda zai lura da shi. Haka za ta wuni. Da ta shigo gida ta ajiye jaka sai abin ya fashe: kuka, ihu, jifa da takalmi, ko ta shige ɗaki ta kashe fitila, ta kasa furta ko kalma har dare. Uwa ta je makaranta ta kai kuka, malama ta ce, "Wannan? Ai ba ni da ɗaliba mai natsuwa kamarta." Sai uwa ta dawo da laifi a ka, ana ganin tarbiyyar gida ce ta gaza. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni a wurina wannan saɓani tsakanin gida da makaranta shi kansa alama ce da ta isa a bi diddiginta.

Kuma ɓoyewar ba kyauta ba ce. Binciken Sarah Cassidy da abokan aikinta a 2018 ya danganta yawan ɓad da kama da tunanin kashe kai, wasu kuma sun danganta shi da ciwon damuwa da fargaba. A Suwidin, nazarin da Tatja Hirvikoski ta jagoranta a 2016 a kan mutum fiye da 27,000 masu lalurar ya nuna haɗarin mutuwa ta hanyar kashe kai ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 7. Ninkin ya fi yawa a tsakanin mata, da kuma waɗanda ba su da jinkirin fahimta, wato su ɗin nan da ake cewa nasu mai sauƙi ne. Tun 1983 likitan Suwidin Christopher Gillberg ya hango alaƙa tsakanin otizim da lalurar ƙaurace wa abinci, kuma nazarce-nazarce na baya sun riƙa samun kusan 1 cikin 5, ko fiye, na matan da ake yi wa maganin wannan lalura suna da alamomin otizim masu yawa. Yarinyar tana isa asibiti kam, amma ta wata ƙofar, a ba ta suna bayan suna, magani bayan magani, tushen yana nan ba a taɓa shi ba.

Batun shekaru shi ma an yi masa gurguwar fahimta, don lalurar ba ta tsayawa da fuska ɗaya. Alamomin farko an san su sosai: yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa don ku gani tare, wani ya fara 'yan kalmomi sannan su ɓace kafin ya cika shekara 2. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Abin da ke biyo baya ne ba a cika magana a kai ba. A 2020 masu bincike a cibiyar MIND ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ba da rahoton yara 125 da suka bi daga shekara 3 zuwa 6. Kusan kashi 29 cikin 100 alamominsu sun ragu, kusan kashi 17 sun ƙaru, sauran suka tsaya inda suke. 'Yan mata ne suka fi samun ragin. Labari ne mai daɗin ji, amma su kansu masu binciken sun kawo yiwuwar cewa wani ɓangare na ragin koyon ɓoyewa ne. Ma'aunin da suka yi aiki da shi ba ya ganin komai sai abin da ke fitowa waje, kuma yarinya 'yar shekara 6 ta isa ta gane abin da ke sa manya su ɗaure fuska.

A lokacin balaga ne asiri ke tonuwa. Abotar ƙananan yara wasa ce, tana da ƙa'idar da za a iya haddacewa. Abotar 'yan mata 'yan shekara 13 kuwa hira ce, da habaici, da sirri, da hararar da ke ɗauke da ma'ana uku, da sanin wace ce ke fushi da wace a wannan mako. Dabarun da suka riƙe ta a firamare sai su kasa. Ga sakandare da yawan malamai da hayaniya, ga jinin al'ada ya zo wa wadda ko ɗinkin riga yana damun fatarta. Sai a ce ta canja, alhali kayan ne suka fi ƙarfin dabarar. Akwai kuma abin da ke tayar min da hankali fiye da komai. Wadda ke ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, wadda ta kwashe shekaru tana koyon cewa "to" don a karɓe ta, ita ce mafi sauƙin cuta a hannun mugu. A wani nazari na 2016 a Birtaniya an zanta da mata 14 da aka gano lalurarsu a makare, 9 daga cikinsu suka ce an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata. Adadin kaɗan ne, ba za a ɗora shi a kan kowa ba, amma ya isa ya hana uba barci. Samari maza su ma balaga ba ta ƙyale su: jiki ya yi ƙarfi, fushin da ake iya tarewa a ɗan shekara 5 ya zama haɗari, kuma wannan zango ne da farfaɗiya kan fara bayyana ga wasu, maza da mata.

Bayan makaranta sai kowa ya watse. Julie Taylor da Marsha Seltzer sun nuna a 2010 cewa alamomin matasa da yawa suna raguwa yayin da suke sakandare, amma da sun kammala sai ci gaban ya ja baya, domin tsarin da ke riƙe da su kullum ya ƙare. Wannan ya nuna min cewa abin da muke kira bambancin shekaru, kaso mai yawa nasa bambancin muhalli ne. Donald Triplett, na farko a jerin yaran Kanner, an haife shi a 1933 a garin Forest na jihar Misisipi. Ya yi karatun kwaleji, ya koyi tuƙi, ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin garinsu, ya zagaya ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Lalurar ba ta rabu da shi ba. Ya dai samu iyaye masu hali, da garin da ya san shi ya kuma karɓe shi yadda yake. Da yawa ba su samu ko ɗaya ba.

Dattawa kuwa kusan babu su a lissafi. Binciken Traolach Brugha na 2011 ya samu cewa kusan 1 cikin 100 na manya a Ingila suna da lalurar, kuma mafi yawansu ba su sani ba. A 2023 Elizabeth O'Nions da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa a Ingila fiye da 9 cikin 10 na masu lalurar da suka haura shekara 50 ba a taɓa gano su ba. Ka ɗauki mutumin da ya yi shekara 35 yana aiki ɗaya, yana tashi lokaci ɗaya, matarsa ce ke amsa baƙi, ita ce ke magana da likita da dangi. Ya yi ritaya, ita kuma ta rasu. An kwantar da shi a ɗakin asibiti mai fitila dare da rana, na'urori na ƙara, ana taɓa shi ba a faɗa masa ba. Ya ƙi magana, ya ƙi magani, ya juya wa bango fuska. Mai jinya za ta rubuta taurin kai, wani ya ce ruɗewar tsufa ce. Da an san abin da ke damunsa, rage haske da yi masa bayani kafin a taɓa shi sun isa su canja rabin labarin.

Na san abin da za a ce: yanzu kowa ya zama mai otizim. Wani nazari ya nuna yawan waɗanda ake ganowa a Birtaniya ya ƙaru da kashi 787 cikin 100 tsakanin 1998 da 2018, kuma ƙarin ya fi yawa a manya da mata. Ga gajerun bidiyo a intanet da ke sa duk mai jin kunya ya yanke wa kansa hukunci. Damuwar tana da tushe, kuma ba na goyon bayan a mai da ganewar likita abin ado. Amma kundin da likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, DSM-5 na 2013, wanda aka sabunta a 2022, bai sassauta ba: dole alamomin su kasance tun ƙuruciya, dole kuma su zama suna kawo cikas na gaske a rayuwa. Abin da ya amince da shi kawai shi ne suna iya ɓoyuwa har sai buƙatun rayuwa sun fi ƙarfin mutum, ko dabarun da ya koya su rufe su. Maganin ganewar bogi shi ne tantancewa mai zurfi, wadda ke komawa tarihin ƙuruciya. Rufe ƙofa ga mata da manya ba zai gyara komai ba.

Akwai kuma tarkon da nake tsoron mu faɗa daga wancan ɓangaren, wato mu ƙirƙiro sabon hoto na "otizim irin na mata": mai wayo, mai shiru, gwanar ɓoyewa. Akwai maza masu ɓoyewa haka, kuma su ma ana tsallake su. Akwai 'yan matan da ba sa magana sam, masu jinkirin fahimta mai tsanani da farfaɗiya, waɗanda za su buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwa. Bai kamata a manta da iyayensu ba don labarin masu iya bayyana kansu ya fi daɗin saurare.

Abin da nake so a canja ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Tambayoyi ne. In an tambayi malama ko yarinya tana da ƙawaye, a ƙara da wa ke neman wa, kuma abotar tana kai wata nawa. In ta kalli likita a ido ta yi murmushi, a tambaye ta yadda take ji bayan ta fita daga cikin mutane, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta dawo daidai. In an duba yaro yana ɗan shekara 4 an ce babu komai, kada wannan takarda ta hana a sake dubawa yana ɗan 13. Sannan ga uwar da ke zaune a gefe. Wani babban nazari na 2019 a ƙasashe 5 ya ƙiyasta cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na yiwuwar samun lalurar, don haka ba abin mamaki ba ne mata da yawa su fara gane kansu a ranar da ake tantance ɗansu, suna jin tambayoyin likita suna tuna ƙuruciyarsu ɗaya bayan ɗaya. Asibitin yara ba shi da hurumin duba ta, na sani. Amma in ta yi ƙarfin hali ta ce, "Likita, ni ma haka nake tun ina ƙarama," kada a yi murmushi a wuce. A rubuta mata takarda zuwa inda ake duba manya, inda babu irin wannan wuri kuma a buɗe shi.